Wa Ya Aika Wuta Kan Falwaya?

 Na san da yawanku ci gaban labari kuka zo nema, ku ga yadda za ta kaya tsakanin amarya da uwargida, sai ga shi kun yi kiciɓis da maganar waya da inji. Ku yi mini haƙuri na yau kaɗai. Abin ne ya tokare mini a ƙirji yau kusan sati uku, na juya shi na sake juyawa, na ga idan ban amayar da shi ba babu abin kirkin da zan iya rubutawa.

Ga abin da ya faru. Wata iska da aka yi ta tsinka waya a layinmu, muka kwana huɗu a cikin duhu. Rana ta biyar masu gyara suka iso da tsaninsu. Sai da suka fara zuwa gindin taransifoma suka zare fiyus ɗin layin a gaban idon kowa, sannan ɗaya daga cikinsu, wani magidanci da ba zai haura shekara 40 ba, ya jingina tsani ya hau falwaya. Yana can sama yana ɗaurin waya sai muka ji yara sun kaure da ihun an kawo wuta. Muka waiga, ga ƙwayayen wasu gidaje sun kama. Kafin wani ya buɗe baki ya ce wace irin wuta ce wannan alhali ga fiyus a hannun mutane, sai ƙara muka ji, mutumin ya rikito daga sama. Allah ya yi da sauran shan ruwansa a gaba. Ya tsira da karaya a ƙugu da ƙuna a tafin hannu, kuma har yau da nake wannan rubutu bai koma bakin aikinsa ba.

Daga ina wutar ta fito? Daga gidan wani maƙwabcinmu, mutumin kirki wanda ba ni da wata jiƙaƙƙiya da shi. Yana da ƙaton janareta mai shan gas, KVA 20, irin wanda ke ɗauke gida gaba ɗaya tun daga fankar ɗakin maigadi har injin jan ruwa. Yadda aka haɗa shi kuwa, waya ce kawai aka jawo daga jikin injin aka cusa a akwatin da ke rarraba wutar gidan. Dokar gidan ita ce duk wanda zai tayar da inji sai ya fara zare katawut ɗin da ke kusa da mita. Ranar maigida ba ya gari, Hajiya ta ce naman firiza zai lalace, yaron gida ya je ya murɗa makulli, ya manta da katawut. Shi ke nan. Wutar ta cika gidan, ta bi ta mita ta fita titi, ta haura falwaya, ta iske hannun bawan Allah.

Da daddare a majalisa kowa sai cewa yake tsautsayi ne, tsautsayi kuwa ba ya wuce ranarsa. Wasu suka ɗora wa yaron laifi, har na ji an sallame shi. Ni kuwa na ce wallahi ba mu isa mu laƙaba wa tsautsayi wannan ba, kuma yaron shi ne mafi ƙarancin laifi a cikin duk waɗanda abin ya shafa. Wanda ya haƙa rijiya a tsakiyar hanya ya bar ta ba murfi, ya ce ai yana tsayawa kullum yana gaya wa masu wucewa su kauce, ranar da ya yi gyangyaɗi wani ya afka, gyangyaɗin za mu tuhuma ko haƙar? Mutum ya fitar da miliyoyi ya sayi inji, ya gina masa ɗaki, ya yi masa rumfa, amma ƙaramin akwatin da zai raba injin nan da layin gwamnati, wanda kuɗinsa bai kai ɗan tsagi na kuɗin injin ba, shi ne ya zama nauyi.

Akwatin nan shi ne muke kira canjoba. Tun da dai ku masu karatun littattafai ne, bari in faɗa muku aikinsa da yaren da kuka fi sabawa da shi. Wutar NEPA da wutar janareta kishiyoyi ne a gida ɗaya, kuma girkinsu ba ya haɗuwa ko na ƙiftawar ido. Canjoba shi ne mai raba kwana. An ƙera shi ta yadda sai ya saki ɗaya sarai kafin ya kama ɗaya, babu wani matsayi a jikinsa da zai haɗa su biyun ko da mai riƙe da shi ya so hakan. Wannan shi ne bambancinsa da zare katawut. Zare katawut ya dogara da tunanin ɗan Adam, shi kuwa ɗan Adam yana mantuwa, yana barci, yana tafiya, yana aiken yaro. Ƙarfe ba ya mantuwa.

Na ce NEPA ne saboda haka bakinmu ya saba. NEPA ɗin da aka kafa a 1972 ta koma PHCN a 2005, a Nuwamban 2013 kuma aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni, Kano da Katsina da Jigawa suka faɗa hannun KEDCO. Suna ya canja sau biyu, amma wayar da ke ratsa ƙofar gidanka tana nan yadda take, kuma ba ta san gaba da baya ba. Abin da mutane da yawa ba su gane ba ke nan. Suna ɗauka wuta kamar ruwan kwata ce, daga tudu take gangarowa ba ta komawa. Waya ba ruwanta, duk ɓangaren da wutar ta fito za ta ɗauka. Taransifoma ma haka yake. Aikinsa na kullum shi ne ya karɓi bolt 11,000 daga babban layi ya sauke shi zuwa wajen 400 tsakanin layi da layi, wato 230 ɗin da ke shiga soket ɗinka. To idan ka turo masa 230 ta baya, juyawa zai yi ya ɗaga ta zuwa dubbai ya aika babban layi. Mutumin namu ya ci sa'a an zare fiyus, wutar ba ta kai ga taransifoma ba, 230 ɗin ce kawai ta same shi. Ita ɗin ma ta isa kisa, domin abin da zuciya ke buƙata ta rikice bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ba, ƙasa da abin da ƙwan nan mai zafi na da yake sha.

Wani zai ce ai su ma masu gyaran da sakacinsu, ƙa'idar aikinsu ita ce su gwada waya su tabbatar a mace take, sannan su ɗaure ta da ƙasa kafin su taɓa. Gaskiya ne, kuma da sun yi hakan da wataƙila injin Alhaji ne zai shaƙe, ba mutum ne zai faɗo ba. Amma sakacin wani ba ya wanke naka. Kuma ba mai gyara kaɗai ke taɓa waya ba. Wayar nan ta kwana huɗu tana reto a bakin kwata, yara suna tsallaka ta, awaki suna shinshina ta, kowa ya saki jiki saboda an san babu wuta.

Wannan fuska ɗaya ke nan. Ɗaya fuskar ita ce a kawo wuta alhali inji yana aiki a kan layi ɗaya da ita. Kowace daga cikinsu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, amma kowa da takunsa, babu wanda ya daidaita su. Karo za su yi, kuma ba a taɓa yin wannan karo janareta ya yi nasara ba. In an yi sa'a fiyus ya fashe. In ba a yi ba nadin wayar cikin injin ya ƙone, ko wuta ta tashi a akwati, ta bi silin. Sau nawa muka ji an ce gobarar daga kawo wuta ce, aka yi jaje aka watse, babu wanda ya tambayi yadda aka haɗa injin gidan?

Ƙaramin mai laifi ma yana nan, kada masu ƙananan injina su ɗauka da Alhazai kaɗai nake. Akwai wayar nan mai kai biyu, fulogi nan fulogi can, a cusa ɗaya a jikin janareta a cusa ɗaya a soket ɗin falo, gida ya ɗauka. A Amurka sunan da suka sa mata ma'anarsa wayar kashe kai, kuma a 2022 hukumar da ke kare masu sayen kaya a can ta fito ta gargaɗi jama'a su daina amfani da irinta. Idan kai ɗaya yana jikin inji, haƙoran ɗaya kan a tsirara suke da wuta a jikinsu, ga yara suna rarrafe. Mu nan kuwa dabara muke kiranta, har a yaba wa wanda ya haɗa. A watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka samu matsala aka shafe fiye da mako guda jihohi da dama suna cikin duhu, na ga irin wannan waya a gidajen da ban taɓa zato ba, har da na masu digiri.

To, canjoba iri biyu ne, na hannu da mai sarrafa kansa. Kada a ce na ce dole sai kowa ya sayi na biyun. Na hannu mai kyau, wanda ke cikin rufaffen akwati, ya wadatar wajen kare ran wanda ke kan falwaya, kuma ga mai ƙaramin inji na ja da igiya shi ne daidai, tun da injin da ba shi da batir babu na'urar da za ta iya tayar da shi. Amma wanda ya kai matsayin ajiye injin da ke ɗaukar gida dungurungum, ni a ganina mai sarrafa kansa ne ya dace da shi, kuma a nan ne muka yi ta kai ruwa rana da wani abokina malamin makaranta.

Shi cewa ya yi wannan kayan 'yan hutu ne, na waɗanda ganda ta hana su taka ƙafa zuwa bayan gida. Har ya ƙara da wata magana da ta yi mini nauyi. Ya ce wannan na'ura ita ce ta sa manyanmu ba su san an ɗauke wuta ba. Ƙwai ya ɗan ƙifta, kafin a gama salati haske ya dawo, esi ya ci gaba da busawa, to wanda bai taɓa laluben ashana a duhu ba yaya za a yi ya damu da gyaran wuta? Ban musa masa ba, akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai na ce masa ko da hannu ake juyawa ba manyan ne za su juya ba, akwai wanda ake biya domin hakan. Rashin tausayinsu ya girmi na'urar. Mu bar wannan faɗa zuwa wata rana, mu dubi abin da na'urar take yi.

Tana da ɗan ƙwaƙwalwa da ke sa ido kan wutar layi dare da rana. Da wuta ta ɗauke ba ta gaggawa, sai ta jira 'yan daƙiƙoƙi ta ga ko ƙiftawa ce kawai. In ta tabbata tafiya ce, sai ta umarci inji ya tashi, ta bar shi ya daidaita numfashinsa ba tare da kaya a kansa ba, sannan ta saki layin waje ta ɗora masa gida. Idan wuta ta dawo nan ma ba ta rawar jiki. Tana jira na wasu mintoci ta ga ko zama wutar ta zo yi ko leƙe, domin kowa ya san halin wutarmu na a kawo a ɗauke a sake kawowa cikin minti guda, wanda shi ne ajalin firji da yawa. In wutar ta zauna sai ta mayar da gida kanta, ta bar inji ya yi ɗan gudu babu kaya ya huce, sannan ta kashe shi. A cikinta akwai maƙullai biyu da ake kira kwantakta, ɗaya na layi ɗaya na inji, da wata sakata a tsakaninsu wadda idan ɗaya ya rufe take tokare ɗayan.

Yanzu ka kwatanta wannan da abin da ake yi da hannu. A tayar da inji a maka masa gidan gaba ɗaya tun bai gama tari ba. A fizgi hannun canjoba esi uku suna aiki, tartsatsi ya tashi, haƙoransa su yi ta cinyewa har wata rana su narke. A kashe inji da zafinsa. Uwa uba, a kawo wuta ƙarfe ɗaya na dare kowa yana barci, inji ya yi ta shan mai har asuba a banza. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, shi kuwa gas dama an daɗe da sakinsa ga kasuwa, wa ke da man da zai ƙona wa iska? Wanda ya ce na'urar nan almubazzaranci ce bai taɓa zama ya lissafa man da barcinsa ke sha ba.

Amma fa a nan zan juyo kan masu sayen mai sarrafa kansa ɗin, domin su ma da nasu gangancin. Wannan tsari na injin da ke jiran ko-ta-kwana a bayan gida ya fi yaɗuwa ne a ƙasashe irin Amurka, inda dokar wayarin ta wajabta sanya na'urar raba layi, inda kuma wuta kan ɗauke na 'yan sa'o'i ne a shekara, galibi in an yi guguwa ko ƙanƙara. Na'urar can tana iya shafe watanni ba ta motsa ba sai gwajin da injin kan yi wa kansa. Tamu kuwa aikin da waccan za ta yi a shekara ita a yini ɗaya za ta yi shi. Saboda haka wanda ya shiga kasuwa ya ce a ba shi mafi araha, ya sani araha ba ta ado. Akwai waɗanda ake harhaɗawa a bakin titi da kwantakta biyu ba tare da sakatar ƙarfe a tsakaninsu ba, sai dabarar waya kawai. Ranar da haƙoran ɗaya suka narke suka manne, ɗayan ya rufe a kansa, an koma gidan jiya, har gara ma mai zare katawut domin shi ya san yana cikin haɗari.

Sannan matsalarmu ba ɗaukewa kaɗai ba ce. Akwai raunanniyar wutar nan da ƙwai ke yin ja kamar garwashi, fanka tana juyawa kamar mai jin barci. Akwai ranar da layi ɗaya cikin uku zai tafi ya bar biyu. Akwai kuma ranar da wayar nutural za ta tsinke a waje, wuta ta yi tsalle a wasu ɗakuna ta doshi 400 ta ƙone duk abin da ke jone. Na'urar da abin da ta sani kawai shi ne akwai wuta ko babu, za ta karɓi duk waɗannan ta shigo maka da su ɗaki da hannu bibbiyu. Wadda ta dace da mu ita ce mai auna ƙarfin kowane layi, ta ƙi wanda ya gaza ta ƙi wanda ya wuce kima. Mai layi uku ya nemi mai ƙafa huɗu, wadda ke raba har da nutural. Kuma a auna girmanta da abin da gidan ke ja daga layin waje, ba da ƙarfin inji kaɗai ba. Injin KVA 20 abin da zai iya bayarwa bai wuce kilowat 16 ba, kimanin amfiya 29 a kowane layi, alhali gidan da ke da hita da esi da injin ruwa yana iya jan fiye da haka idan wutar gwamnati ce. Wannan lissafin ne kuma zai gaya maka abin da za a cire daga kan inji tun farko, domin na'urar ba ta san ta zagaya ɗakuna tana kashe hita ba sai in an tsara mata hakan.

Abu na ƙarshe da ke ba ni tsoro game da ita shi ne biyayyarta. Injin da ke tashi da kansa zai tashi ko kana gida ko ba ka nan, ko idonka biyu ko kana barci. Idan ka ajiye shi a lungun da ke jikin tagar ɗakin yara, ko a gareji, ko ƙarƙashin bene saboda tsoron ɓarayi, to ka sani iskar da ke kisa a cikin hayaƙinsa ba ta da launi ba ta da wari, kuma mai barci ba ya farkawa ya ce ya ji ta. Injin waje yake zama, nesa da taga da ƙofa, bakin salansa yana kallon fili. Makanike kuma kada ya kuskura ya sa hannu a cikinsa sai ya mayar da makunnin kan kashe ya cire kan batir, in ba haka ba a ɗauke wuta yatsunsa suna jikin bel. In za ka yi tafiya ka kashe ta, kada ka dawo ka tarar ta shanye tanki tana haskaka wa ƙadangaru.

Duk wannan ba aikin yaron da ya koyi ɗaura ƙwai jiya ba ne. Mun iya neman ƙwararren tela, mu jira shi wata guda saboda ɗinkin Salla, amma wayarin gida sai mu ba duk wanda ya zo da filaya a aljihu ya ce haka muke yi ko'ina. Akwai hukumar NEMSA da aka kafa da dokar 2015, wadda cikin ayyukanta har da ba masu aikin wayarin takardar shaidar ƙwarewa. Tambayar mutum takardarsa ba cin fuska ba ne. In ya gama kuma kada ka sallame shi sai ya gwada a gabanka: a tayar da inji, a ɗora masa gida, ya sa abin awo a wayar da ta fito daga mita ka gani da idonka babu ko ɗigon wuta a wajen.

Na je duba mutumin da ya faɗo ranar Juma'ar da ta wuce. Yana kwance a tabarma a zaure, 'ya'yansa biyar, babbar tana aji uku a sakandare. Bai zagi kowa ba. Abin da ya ce da ni kawai shi ne wannan ne karo na biyu da irin haka ta same shi, na farkon dai girgiza shi ta yi ta sake shi. Maƙwabcin namu, in ba shi haƙƙinsa, ya ɗauki kuɗin asibiti, kuma satin da ya wuce na ga an kafa masa sabon akwati a bango kusa da mita. Yaron da aka sallama dai ba a dawo da shi ba.

Daga ranar na fara leƙa bangon gidajen layinmu in zan wuce masallaci. Na ƙirga uku da har yanzu katawut suke zarewa, da ɗaya mai wayar nan mai kai biyu. Na yi wa biyu magana, ɗaya ya ce in sha Allahu ƙarshen wata, ɗaya ya yi dariya ya ce shekara goma yana haka bai taɓa mantawa ba. Ɗaurin da aka yi wa wayar tamu kuwa na wucin gadi ne, an ce ranar Talata masu gyara za su dawo su canja ta.